Nana Khadija (R.A): Attajirar da Ta Ɗora Jarinta a Kan Amana

Da wuya a ƙirga gidaje uku a jere a ƙasar Hausa ba a samu Hadiza ko Dije ko Kubra ba, kuma dukkansu sunan mace ɗaya suke ɗauke da shi. Tun muna 'yan makarantar Islamiyya muka haddace cewa Nana Khadija (R.A) ita ce matar Manzon Allah (S.A.W) ta farko, ita ce farkon wanda ya yi imani da shi, kuma ita ce mahaifiyar Nana Faɗima. Akan ƙara da cewa attajira ce, sai a wuce. A wannan gaɓar muke so mu tsaya yau. A zamanin da mata masu ƙananan sana'o'i suke bin layi da takardu a hannu suna neman tallafi ko rancen fara kasuwanci, akwai amfani mu san yadda dukiyar wannan baiwar Allah take fita daga hannunta, da sharuɗɗan da take fita a kansu, da kuma inda ta ƙare.

Ita ce Khadija 'yar Khuwailid ɗan Asad ɗan Abdul'uzza ɗan Ƙusayyu. A kan Ƙusayyu ne nasabarta ta haɗu da ta Manzon Allah (S.A.W). Mahaifiyarta ita ce Faɗima 'yar Za'ida, daga zuriyar Amir ɗan Lu'ayyu, don haka Baƙuraishiya ce ta uwa da uba. A bisa ruwayar da ta fi shahara, an haife ta shekara 15 kafin Shekarar Giwa, wato wajen shekara ta 555 Miladiyya. Tun kafin Musulunci mutanen Makka suke yi mata laƙabi da Aɗ-Ɗahira, mai tsarki, a cikin al'ummar da ba ta saba yabon mace da irin wannan ba.

Garin da ta tashi a cikinsa kwari ne tsakanin duwatsu, ba gona ba lambu. Abincin da ake ci a Makka daga waje yake zuwa, kuma abin da ake sayensa da shi daga fatauci yake fitowa. Hashimu, kakan kakannin gidan Annabta, shi da 'yan'uwansa ne suka ƙulla yarjejeniyoyi da masu mulkin ƙasashen da ke kewaye da kuma kabilun da ke kan hanya domin ayarin Ƙuraishawa ya riƙa wucewa lafiya. Daga nan tafiyoyi biyu suka zauna, ta hunturu zuwa Yaman da ta bazara zuwa Sham, waɗanda Suratu Ƙuraish ta ambata a matsayin ni'ima. Ana fita da jemammun fatu da zabibin Ɗa'ifa da kayan ƙamshi, a komo da alkama da man zaitun da tufafi.

Ayarin ba na mutum ɗaya ba ne. Wakidi ya kawo cewa ayarin da Abu Sufyan ya jagoranta, wanda ya zama sanadin yaƙin Badar, yana da raƙuma 1,000 da kayan da suka kai dinare 50,000, kuma babu wani Baƙuraishe ko Baƙuraishiya mai ɗan abin hannu da bai zuba nasa a ciki ba. Wannan ya faru bayan rasuwar Nana Khadija, amma yana nuna mana tsarin da ta rayu a cikinsa: gari ne da mace mai ɗan misƙali ɗaya take da hanyar sanya shi ya yi mata aiki ba tare da ta taka ko'ina ba. Ibn Hazm ya yi bayanin dalilin haka a littafinsa Al-Muhalla. A cikin Ƙuraishawa akwai tsoho da ba ya iya tafiya, akwai mace, akwai yaro, akwai maraya, akwai marar lafiya, kuma ba su da wata hanyar rayuwa sai kasuwanci, sai suka riƙa miƙa dukiyarsu ga mai iya tafiya a kan wani kaso na riba da aka ambata.

Nana Khadija ta yi aure sau biyu kafin aurenta da Manzon Allah (S.A.W). Ta auri Abu Hala ɗan Zurara daga Banu Tamim, ta haifa masa Hindu da Hala, ta kuma auri Atiƙ daga Banu Makhzum, ta haifa masa 'ya mace da ita ma ake kira Hindu. Malaman tarihi sun saɓa a kan wanda ya riga wani a cikinsu. Marubuta da dama suna danganta tushen dukiyarta ga gidan mahaifinta da kuma abin da waɗannan mazaje suka bari. Abin lura a nan shi ne, al'adar Larabawa ta wancan lokaci galibi ba ta ba mace da ƙaramin yaro gado, domin a ganinsu dukiya ta mai hawa doki da ɗaukar takobi ce. Ashe abin da ya kasance a hannun Nana Khadija gata ne da ba kowace mace take samu ba, sai wadda matsayin gidansu da ƙarfin halinta suka tsaya mata.

Musulunci ne ya mayar da wannan gata haƙƙi. Bayan yaƙin Uhudu, matar Sa'ad ɗan Rabi'u ta zo wurin Manzon Allah (S.A.W) da 'ya'yanta mata biyu, tana kukan cewa baffansu ya kwashe duk abin da mahaifinsu ya bari. Ayoyin gado na Suratun Nisa'i suka sauka, aka ba 'yan matan kashi biyu bisa uku, aka ba uwarsu tumuni, baffa ya ɗauki abin da ya saura. Surar ta kuma tabbatar da cewa sadaki na mace ne. A Ingila, sai a shekarun 1870 da 1882 majalisa ta yi dokokin da suka ba matar aure ikon riƙe dukiyarta da sunanta. Ba don mu yi tinƙaho muka kawo wannan ba, domin mun san abin da yake faruwa a gidajenmu. Sau nawa ake barin gida ko gona shekara goma ba a raba ba, maza suna cin amfani, mata ana ce musu su yi haƙuri kada a tarwatsa gidan gado? Sau nawa sadakin yarinya yake narkewa a cikin hidimar biki ba ta ko ga launinsa ba? Mace da yawa da take cike takardar neman tallafin dubu hamsin tana da rabon da ya ninka haka sau da yawa a hannun yayanta. Jarin farko da Shari'a ta tanadar mata ke nan, kuma ba ya buƙatar jingina ko mai tsaya mata.

Ibn Ishaƙ ya siffanta Nana Khadija da cewa 'yar kasuwa ce mai daraja da dukiya, tana ɗaukar maza aiki a cikin dukiyarta, tana kuma yin ƙiradi da su a kan wani kaso da take sanya musu. Ibn Sa'ad ya ƙara da ruwayar cewa kayanta ita kaɗai sukan yi daidai da na sauran Ƙuraishawa a cikin ayari. Hanyoyi biyu ke nan aka ambata, kuma sun bambanta. Ta farko ijara ce: a yanka wa mutum lada, ya kai kaya ya sayar, ladansa na nan ko an ci riba ko an faɗi. Ta biyu ita ce ƙiradi, wanda malaman Iraƙi suke kira mudaraba: ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo ƙarfinsa da iyawarsa, a raba riba a kan kason da aka amince tun farko, rabi ko sulusi ko rubu'i. Idan aka yi asara ba da sakaci ko ha'inci ba, mai kuɗi ne yake ɗaukarta a cikin uwar kuɗinsa, shi kuma mai aiki wahalarsa ta tafi a banza. Kowa ya rasa irin abin da ya zuba.

(Ɗalibai su kiyaye da wani ruɗani na harshe. Riba a Hausa ita ce ƙarin da ɗan kasuwa yake samu a kan hajarsa, kuma halal ce. Wadda Alƙur'ani ya haramta ita ce muke kira kuɗin ruwa.)

Wannan tsari ya rigayi Musulunci, Musulunci ya zo ya tabbatar da shi, kuma malamai sukan kafa hujja da tafiyar da Manzon Allah (S.A.W) ya yi da dukiyar Nana Khadija. Imam Malik ya keɓe masa babi guda a Muwaɗɗa, kuma duk wanda ya sauke Risala ta Ibn Abi Zaid a zaure ya wuce ta kansa. A mazhabarmu ta Malikiyya, ana yin ƙiradi ne da tsabar kuɗi, ba da haja ba. Kason riba dole ya kasance sananne kamar rabi ko sulusi, ba wani adadi yankakke ba. Ba a ɗora wa mai aiki lamunin uwar kuɗi. Idan ya yi tafiya da dukiya mai kauri, cinsa da suturarsa daga cikinta suke fita. Ba a raba riba sai an mayar da haja kuɗi, an ware uwa. Idan muka auna wannan da abin da ya yaɗu a tsakaninmu, za mu ga giɓi. Hajiya ta ba mai sayar da atamfa ko mai tuyar ƙosai kuɗi a kan ta riƙa kawo mata kaza duk ƙarshen wata, kuma uwar kuɗi tana nan daram ko kasuwa ta ci ko ta ƙi. Sunansa juya kuɗi a bakinmu, amma a littafi rance ne da ya jawo amfani. Mai sana'ar ce kaɗai take ɗauke da haɗarin, kuma ita ce mafi rauni a cikin su biyun.

Ba a bar mai kuɗi ba kariya ba. Hakim ɗan Hizam, wanda Nana Khadija goggonsa ce, ya zama babban ɗan kasuwa kuma Sahabi. Daraƙuɗni da Baihaƙi sun ruwaito cewa idan zai ba mutum dukiya ƙiradi yakan sharɗanta masa abu uku: kada ya sayi dabbobi masu rai da ita, kada ya hau teku da ita, kada ya sauka da ita a magudanar ruwa. Idan ya saɓa ɗaya daga ciki, asarar tana wuyansa. Mai jari yana da ikon toshe ƙofofin haɗarin da ya hango. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ce shi riba kawai ya sani.

A irin wannan ciniki, abin da ya fi kuɗi wuyar samu shi ne mutumin da za a miƙa wa su. Mace tana zaune a Makka, dukiyarta tana kan raƙuma a tafiyar wata guda zuwa, wata guda dawowa. Ba ta ga ciniki ba, ba ta ji farashi ba, abin da wakilinta ya faɗa mata shi ne gaskiya a wurinta. Shi ya sa Nana Khadija take sauraron abin da gari yake faɗa a kan mutane. Labarin wani saurayi na Banu Hashim ya iso mata, maraya ne, ya yi kiwon tumaki don lada, ba shi da jari, amma mutane suna kiransa Al-Amin. A ruwayar Ibn Ishaƙ, ita ce ta aika masa ta yi masa tayin ya fita da kayanta zuwa Sham, za ta ba shi fiye da abin da take ba wasu. A ruwayar Ibn Sa'ad, baffansa Abu Ɗalib ne ya fara kawo shawarar saboda ƙuncin da ake ciki, kuma ya yi mata magana a kan lada: ta saba biyan samarin raƙuma biyu, ya nema wa ɗan ɗan'uwansa huɗu, ta amince ba tare da ja ba. Akwai kuma ruwayar Zuhri da ta ambaci cewa ta taɓa ɗaukarsa aiki zuwa kasuwar Hubasha da ke yankin Tihama, tare da wani mutum daga Ƙuraish.

Yana da shekara 25 ya fita zuwa Sham, ta haɗa shi da bawanta Maisara. Ba ma ganin wannan a matsayin rashin yarda. Attajirar da ta ninka wa mutum lada saboda amanarsa, ita ce kuma ta sa idonta a cikin ayari, kuma abubuwan biyu ba su ci karo a wurinta ba. Mu ne muka ɗauki tambayar lissafi a matsayin cin fuska, har 'yar'uwa ta ba 'yar'uwa jari ba rubutu ba shaida, sai an faɗi zumunci ya tafi tare da kuɗin. Suka isa Busra da ke kudancin Siriya ta yau, ya sayar da abin da ya kawo, ya sayi abin da zai komo da shi. Da aka sayar da kayan a Makka, ribar ta ninka abin da ta saba samu ko ta kusa haka. Maisara ya ba ta labarin abin da ya gani na halinsa da gaskiyarsa a ciniki, da maganar wani malamin Nasara da suka haɗu da shi a can, da inuwar da ya ga ana yi masa a tsakar rana.

Manyan Ƙuraishawa sun nemi aurenta ta ƙi. A wannan karon ita ce ta nema. Ta aiki ƙawarta Nafisa 'yar Munya ta ji ta bakinsa, ya nuna cewa abin da ya hana shi aure rashin abin hannu ne, Nafisa ta sanar da shi cewa wannan ba zai zama cikas ba. Baffanninsa suka je neman aure, Abu Ɗalib ya yi huɗuba, baffanta Amru ɗan Asad ya ɗaura a bisa ruwayar da Wakidi ya rinjayar, domin a wurinsa mahaifinta ya riga ya rasu. Ibn Hisham ya ce sadakin taguwoyi 20 ne masu ƙuruciya. Abin da ya shahara shi ne tana da shekara 40 a lokacin, kodayake akwai ruwayar da ta ce 28. Ta haifa masa Alƙasim da Zainab da Ruƙayya da Ummu Kulsum da Faɗima da Abdullahi. Mazan sun rasu suna ƙanana. Duk 'ya'yansa nata ne in ban da Ibrahim, kuma bai auri wata mace ba tsawon shekara 25 da suka yi tare.

Aure bai mayar da dukiyarta tasa ba. Muna gane haka daga yadda littattafan sira suke ba da labarin kyautarta. Zaid ɗan Harisa yaro ne da aka kamo aka kai kasuwar Ukaz, Hakim ɗan Hizam ya saya wa goggonsa shi a kan dirhami 400. Ita ce ta ba mijinta shi kyauta, shi kuma ya 'yanta shi. Ba a yi wa mutum kyautar abin da yake nasa. Da Halimatus Sa'adiyya ta zo Makka a shekarar fari tana kukan dabbobinsu sun ƙare, Manzon Allah (S.A.W) ya yi wa Nana Khadija magana, ta ba ta tumaki 40 da raƙumi, kamar yadda Ibn Sa'ad ya kawo. Magana ya yi mata, bai ɗebo ya bayar ba. Mu kuma lura da irin kyautar: garke ne da zai hayayyafa, wanda macen ƙauye za ta sake tsayawa da ƙafarta a kansa. A wannan gida ne kuma Aliyu ɗan Abu Ɗalib ya tashi, bayan an ɗauko shi don a rage wa mahaifinsa nauyi a lokacin yunwa. Wasu malaman tafsiri, da suka zo kan ayar Suratud Duha da take tunatar da Annabi (S.A.W) cewa Allah ya wadata shi bayan rashi, sun ambaci dukiyar Nana Khadija a cikin abin da ake nufi.

Wannan wadata ce ta ba shi damar keɓewa a kogon Hira kwanaki masu yawa. Yakan sauko wurinta ya ɗauki guzuri ya koma. Da wahayi ya sauka a shekara ta 610, ya dawo gida zuciyarsa tana bugawa, ya nemi a lulluɓe shi, ya gaya mata yana jin tsoro a kan ransa. Bukhari ya ruwaito amsarta. Ta rantse masa cewa Allah ba zai taɓa kunyata shi ba, ta kuma kafa hujja da halayensa: sada zumunci, ɗauke nauyin gajiyayye, samar wa wanda ba shi da komai, karrama baƙo, da taimako a kan musibun da suke afka wa mutane. Kusan dukkansu halaye ne da ake gani a yadda mutum yake mu'amala da dukiya. Shaidar mace ce da ta fara saninsa ta hanyar lissafin ciniki, ta kuma zauna da shi shekara 15 tana ganin inda abin hannunsa yake tafiya. Daga nan ta kai shi wurin ɗan baffanta Waraƙa ɗan Naufal, tsoho makaho da ya karanci littattafan da suka gabata, ya tabbatar masa cewa mala'ikan da ya zo wa Annabi Musa ne ya zo masa.

Tun daga wannan rana alƙiblar dukiyarta ta sauya. Mijin da yake iya fita da ayari ya shagala da kiran mutane, waɗanda suka amsa kiran da yawansu bayi ne da raunana, kuma gidan da yake ciyar da baƙi ya ƙara yawan baki. A irin wannan hidima ce, tana tafe da ƙwarya ɗauke da abinci, Mala'ika Jibrilu ya gaya wa Manzon Allah (S.A.W) ya isar mata da gaisuwa daga Ubangijinta da kuma daga gare shi, ya yi mata albishir da gida na lu'ulu'u a Aljanna wanda babu hayaniya babu wahala a cikinsa. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito wannan.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a shekara ta 7 bayan aike. Ƙuraishawa, da yake 'yan kasuwa ne, da makamin kasuwa suka yi yaƙin. Suka rubuta takarda suka rataye a cikin Ka'aba cewa ba saye ba sayarwa ba auratayya tsakaninsu da Banu Hashim da Banul Muɗɗalib har sai sun miƙa Annabi (S.A.W). Dangin biyu suka tattaru a lungun Abu Ɗalib kusan shekara uku. Idan fatake baƙi suka shigo Makka, Abu Lahab yakan zuga su su tsawwala farashi ga mutanen lungun, ya yi musu alkawarin shi zai saye kayan don kada su yi asara. Mai kuɗi ma sai ya koma gida hannu wofi, ana jin kukan yara daga bayan dutse, har aka kai ga cin ganyen itatuwa.

Nana Khadija 'yar Banu Asad ce, kuma Banu Asad ba sa cikin waɗanda aka ƙaurace wa. Ta shiga lungun tare da mijinta tana da shekara sama da 60, matar da ba ta taɓa sanin yunwa ba. Abin da ya saura na dukiyarta da na mutuncinta a wurin danginta ta juya shi abinci. Ibn Ishaƙ ya ba da labarin ranar da Hakim ɗan Hizam ya ɗora wa yaronsa alkama zai kai wa goggonsa, Abu Jahal ya tare shi ya ce zai tona masa asiri a Makka. Abul Bakhtari ɗan Hisham ya shiga tsakani da hujjar cewa abincinta ne da yake ajiye a wurin ɗan ɗan'uwanta, ta aiko a kai mata. Gardama ta yi zafi har ya ɗauki muƙamuƙin raƙumi ya rotsa wa Abu Jahal kai. Daga baya, mutum biyar ne suka haɗa baki suka tsaya sai da aka yaga takardar, kuma biyu daga cikinsu, Abul Bakhtari da Zam'a ɗan Aswad, 'yan Banu Asad ne, danginta.

Ba ta daɗe ba bayan fitowa daga lungun. Ta rasu a watan Ramadan na shekara ta 10 bayan aike, shekara uku kafin Hijira, tana da shekara 65 a bisa mashhuriyar ruwaya, a shekarar da Abu Ɗalib ma ya rasu, wadda ake kira Shekarar Baƙin Ciki. Aka binne ta a Hajun, inda maƙabartar Mu'alla take a yau, Manzon Allah (S.A.W) da kansa ya shiga kabarinta. A lokacin ba a shar'anta sallar jana'iza ba tukuna.

Ba ta ga Madina ba, ba ta ga ayoyin gado ba, ba ta ga baitulmali ba. Amma al'ummar da dukiyarta ta raina tun tana jaririya ba ta ɗauki macen da take neman na kanta a matsayin abin mamaki ba. Uwar Muminai Zainab 'yar Jahshi tana jima tana ɗinkin fata ta yi sadaka da abin da ta samu. Matar Abdullahi ɗan Mas'ud da sana'ar hannunta take ciyar da mijinta da yaran da suke gidanta. Ɗabari ya kawo cewa Hindu 'yar Utba ta nemi Halifa Umar (R.A) ya ranta mata dirhami 4,000 daga baitulmali don ta yi kasuwanci a kan za ta lamunce su, ya ba ta, ta tafi ƙasar Banu Kalb ta saya ta sayar. Da ta dawo ta yi kukan faɗuwa, Umar ya nuna mata cewa da kuɗinsa ne da ya yafe, amma dukiyar Musulmi ce, dole a biya. Rance ta karɓa ba ƙiradi ba, shi ya sa hukuncin ya bambanta. Wannan labari ya kamata ya shiga kunnen ɓangarori biyu a wurinmu: masu riƙe da dukiyar jama'a da suke ganin mace ba ta cancanci rancen kasuwanci ba sai mijinta ya sa hannu, da masu karɓar rancen gwamnati suna lissafa shi rabonsu na arzikin ƙasa.

Haka nan zakka. Malaman Shafi'iyya, kamar yadda Nawawi ya yi bayani a Al-Majmu'u, suna ganin a ba mai sana'a abin da zai sayi kayan aikinsa, a ba ɗan kasuwa jarin da ribarsa za ta riƙe shi. Attajirin da yake tsinka zakkarsa dubu ɗai-ɗai ga mutum ɗari a ƙofar gida yana iya tsayar da zawarawa biyar a kan sana'a da kuɗin nan. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa sun fara aiki a Nijeriya tun 2012, lokacin da Jaiz ya buɗe ƙofa, amma a ko'ina a duniya irin waɗannan bankuna sun fi karkata ga murabaha, wato su sayi kaya su sayar wa mutum da ƙari zuwa wani lokaci, domin ƙiradi yana buƙatar sanin mutum da bibiyar lissafinsa. Wannan sani kuwa a cikin unguwa yake. Uwar adashi ta san wadda ba ta taɓa fashin zubi ba a shekara biyar, ta san wadda ƙuli-ƙulinta ba ya kwana. Hajiyar da take da gwal a akwati tana iya samun wannan labari cikin yini ɗaya, kamar yadda labarin Al-Amin ya iso gidan 'yar Khuwailid.

Manzon Allah (S.A.W) bai daina ambatonta ba har ƙarshen rayuwarsa. Idan ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Da 'yar'uwarta Hala ta yi sallama a ƙofarsa a Madina, muryar ta tuna masa da tata har abin ya bayyana a fuskarsa. Nana A'isha (R.A) ta faɗa da bakinta cewa ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Khadija ba, alhali ba ta taɓa zama da ita ba. A ruwayar Imam Ahmad, da ta yi magana a kanta wata rana, ya lissafa mata abin da Khadija ta yi masa: ta yi imani da shi lokacin da mutane suka kafirce, ta gaskata shi lokacin da suka ƙaryata, ta tallafe shi da dukiyarta lokacin da suka hana shi, kuma Allah ya azurta shi da 'ya'ya ta wurinta.

Wani abu guda daga cikin kayanta ya sake bayyana a shekara ta 2 bayan Hijira. Abul As ɗan Rabi'u, ɗan 'yar'uwarta Hala kuma mijin 'yarta Zainab, yana cikin fursunonin Badar, bai musulunta ba tukuna. Da mutanen Makka suka aiko da kuɗin fansa, Zainab ta haɗa da sarƙar wuyan da mahaifiyarta ta ba ta ranar da aka kai ta ɗakin miji. Manzon Allah (S.A.W) ya ga sarƙar ya gane ta, tausayi mai tsanani ya kama shi. Ya nemi Sahabbai, idan sun ga dama, su saki fursunan su mayar wa Zainab da kayanta. Suka amince. Aka saki Abul As a kan alkawarin zai bar Zainab ta taho Madina, ya koma Makka da sarƙar, ya kuma cika alkawarin.